Babban mutum zai iya rayuwa da otizim ba tare da an gane ba?

Ummu_Safwan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni, don Allah masu sani su taimaka. Kwanan baya likita ya tabbatar ɗan yayata yana da otizim, wannan da wasu ke kira galahanga. Cikin tambayoyin da aka yi wa iyayen har da ko akwai mai irin halin a dangi. Tunda ta faɗa mini haka hankalina ya tafi kan ƙanenmu. Ya haura talatin, ya yi karatu, yana aikinsa, babu wanda zai ce ba shi da lafiya. Amma tun yana ƙarami ba ya son taro, ba ya kallon mutum in yana magana, in aka canza masa tsarin ranarsa sai ya wuni a birkice, in kuma ya kama zancen taswirar ƙasashe ba ya lura mai saurare ya gaji. A gida miskili ake ce masa, a waje a ce girman kai. Shin babba irin wannan zai iya zama da otizim ba a sani ba? Mene ne alamomin, kuma ta yaya ake bambance shi da hali kawai?

Abu_Fadil:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni a sanina otizim ciwon yara ne, waɗanda ba sa magana, ba sa amsa sunansu. Wanda ya gama jami'a yana karɓar albashi ai ya wuce nan. Kowa da halinsa. Ina tsoron kada a wayi gari duk mai shiru-shiru an laƙaba masa cuta.

Nas_Rabi:
Malam Abu Fadil, to yaran nan in sun girma ina suke zuwa? Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, da shi mutum ke tasowa, da shi yake tsufa. A 1943 wani likita, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu otizim da ya duba a Baltimore ta Amurka. Na farko a cikinsu, Donald Triplett, ya yi kwaleji, ya yi aiki a banki, yana tuƙa motarsa, ya zaga ƙasashe, sai a 2023 ya rasu yana da shekara 89. A Ingila kuma an bi gida-gida an bincika manya, aka buga sakamakon a 2011: kusan mutum 1 cikin 100 yana da shi, tsofaffi da matasa kusan daidai, kuma galibinsu ba su san suna da shi ba. Manyan suna nan tare da mu, ba a duba su ba ne kawai.

Mai_Lissafi:
Anti Ummu Safwan, ni ba likita ba ne, amma ni ne irin mutumin da kike tambaya a kai. Sai da na girma na fara aiki aka tabbatar mini. Bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki, domin abin da ake gani daga waje kaɗan ne.

In wayata ta yi ƙara ba na ɗauka nan take. Ina bari ta katse, in tsara abin da zan faɗa, sannan in kira. 'Yar hirar da mutane ke yi kafin su shiga ainihin magana, haddace ta na yi, ban taɓa jin ta zo mini da kanta ba. Kallon ido kuwa, na koyi kallon tsakanin girar mutum, in daɗe kaɗan, in kau da kai, in dawo. Amma ina cikin wannan lissafin rabin maganarsa ta wuce ni. In aka bar ni na kalli ƙasa na fi jin abin da ake faɗa.

A ofishinmu akwai doguwar fitila mai wani siririn ƙugi da babu mai jinsa sai ni. Ga fanka, ga mutum biyu suna hira a bayana, ga turaren wani, duk suna shigowa kaina da ƙarfi ɗaya, babu wanda ke ja baya ya ba wani wuri. Zuwa yamma sai magana ta ɗauke mini. Ba fushi nake ba, kalmomin ne ba sa fitowa. In na koma gida sai na kashe fitila na zauna ni kaɗai tukuna kafin in iya amsa wa kowa.

Habaici ya sha wuce ni. Ranar da na makara da wani rahoto shugabana ya ce mini, "Kai dai sannu da ƙoƙari." Na yi masa godiya da zuciya ɗaya. Daga baya wani abokin aiki ya ja ni gefe ya ce an ɗauka raini na yi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo: ana hukunta ni a kan niyyar da ban taɓa yi ba.

Ummu_Safwan:
Allah sarki. Maganar fitilar nan ta taɓa ni. Shi ma ɗakinsa kullum labule a sake, kuma duk rigar da ya saya sai ya yanke takardar da ke bayan wuyan kafin ya sa.

Dakta_HB:
Bari in sa baki, amma da sharaɗin kada kowa ya ɗauki bayanina a matsayin hukunci kan wani da ban gani ba.

Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya kasa alamomin gida biyu. Na farko mu'amala da mutane ne: wahalar ba-ni-in-ba-ka a hira, wahalar karanta abin da ba baki ke faɗa ba kamar ido da fuska da sautin murya, sai wahalar ƙulla abota da riƙe ta da sanin wane hali ya dace da wane wuri. Ukun nan sai duk sun samu. Na biyu ya ƙunshi maimaita motsi ko magana, riƙe tsari da ƙin canji, sha'awar abu guda mai tsanani fiye da kima, da jin ƙara ko haske ko wari ko taɓi fiye da sauran mutane ko ƙasa da su. A nan biyu cikin huɗu sun isa.

Sai sharuɗɗa biyu da mutane suka fi tsallakewa. Dole abin ya kasance tun ƙuruciya, kuma dole yana kawo cikas na gaske a aiki ko zamantakewa. Malam Abu Fadil, tsoronka yana da amsa a nan: mai shiru-shiru da ke karanta fuskar mutane lafiya lau, yana gane habaici, canji bai dame shi ba, wannan halinsa ne kawai, babu likitan da zai ce masa otizim. Amma littafin da kansa ya yarda cewa alamomin na iya ɓuya har sai nauyin rayuwa ya fi ƙarfin mutum, ko kuma dabarun da ya koya su rufe su. Shi ya sa da yawa sai lokacin shiga jami'a, ko sabon aiki, ko aure, ko haihuwa abin ke bayyana. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, da ya fara aiki a 2022, shi ma a kan wannan turbar yake.

Bashir_K:
Dakta, ba wannan ne ake ce wa Asperger ba? Ko daban suke?

Dakta_HB:
Shi ne a da. Hans Asperger likitan yara ne a birnin Vienna, ya yi rubutunsa a 1944 kan yara masu magana sosai amma mu'amala na ba su wuya. Aikin ya daɗe ba a waiwaye shi ba sai da Lorna Wing ta Birtaniya ta fito da shi a 1981. Sunan bai shiga littafin Amurka ba sai 1994, kuma a 2013 aka haɗe shi da sauran ƙarƙashin suna ɗaya, ana bambanta mutane da yawan tallafin da suke buƙata. Ka ga ke nan wanda ya yi yarintarsa a shekarun 1980 yana magana yana cin jarrabawa, sau da yawa ko likitan da ya duba shi ba shi da sunan da zai kira abin da shi.

Zinariya_92:
Kowa na maganar maza. Mu fa? Ni kullum yabona ake yi: yarinya mai kunya, mai natsuwa, ba ta da hayaniya. Babu wanda ya san a makaranta wata yarinya na zaɓa mai farin jini, ina kwaikwayon dariyarta, da yadda take karkata kai, da irin tambayar da take yi wa mutane. Ina gwadawa a gaban madubi. Na iya har na yi suna da iya karɓar baƙi. Amma duk taron da na je, washegari ba na iya tashi, jikina kamar na wuni ɗauke da tulu cike da ruwa a ka ina tsoron kada ya zube. Shekaru ana ba ni maganin damuwa da na fargaba, kuma da gaske ina da su, sai dai babu wanda ya tambayi abin da ke haddasa su. Wata likita ce ta fara tambayata yadda nake wasa ina ƙarama, na ce jera kayan wasan nake yi bisa launi, in wata ta taɓa in yi ta kuka. Daga nan maganar ta canza.

Nas_Rabi:
Sannu 'yar'uwa. An daɗe ana cewa cikin masu otizim maza 4 ne a kan mace 1. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna in aka shiga cikin jama'a aka duba kowa, ba waɗanda suka riga suka je asibiti kaɗai ba, lissafin ya fi kusa da 3 a kan 1. Wato akwai matan da ake tsallakewa. Mawaƙiyar Birtaniya Susan Boyle sai a 2013 ta bayyana cewa an tabbatar mata, lokacin ta haura shekara 50, bayan ta taso ana ce mata ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu wurin haihuwa.

Sadauki77:
Ni tambayata ita ce me ya sa abin ya yi yawa yanzu? Na ji an ce allurar rigakafi ce ke kawo shi.

Dakta_HB:
Ba ita ba ce, Malam. Zancen ya samo asali daga wata takarda ta Andrew Wakefield a 1998, a kan yara 12 kacal. Mujallar Lancet ta janye ta a 2010, shi kuma aka cire sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya a shekarar. A Denmark an bi yara fiye da 650,000, aka buga a 2019, ba a ga wata alaƙa da rigakafin ƙyanda ba. Gado ne ya fi ƙarfi: wani bincike na 2019 a ƙasashe 5 ya kimanta rabon gado da kusan kashi 80 cikin 100. Shi ya sa aka tambayi yayar Hajiya labarin dangi. Ba laifin tarbiyya ba ne, ba kuma laifin uwa ba. Yawan da kake gani, babban ɓangarensa faɗaɗa ma'auni ne da ƙaruwar masu dubawa.

Ummu_Safwan:
Don Allah mu dawo kan manya, kada zancen rigakafi ya ɗauke mu.

Matar_Injiniya:
Ni mijina nake zargin yana da otizim, kuma abin da ya fi wahalar da ni shi ne tausayi. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to a wurinsa fuskar ba ta ba da labari. Ranar da aka yi mini rasuwa ina kuka, ya tsaya a bakin ƙofa bai ce uffan ba, sai ya fita. Na ɗauka bai damu ba. Ashe mota ya je ya duba, ya sha mai, ya haɗa mini jaka, har maganin ciwon kaina ya sa a aljihun gefe, ya rubuta lokacin da za mu tashi a takarda ya ajiye kusa da ni. Na daɗe kafin in gane haka yake nuna nasa. Amma ba zan ɓoye muku ba, har yau akwai ranar da kalma ɗaya nake so daga bakinsa ba na samu.

Mai_Lissafi:
Anti, zancen cewa ba mu da tausayi shi ne ƙaryar da ta fi cutar da mu. Sau da yawa abin yana cika mini ƙirji har in rasa sunansa, in rasa wace fuska zan yi. Wani masani mai otizim, Damian Milton, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce: yadda muke kasa karanta ku, haka ku ma kuke kasa karanta mu. Ki gwada faɗa masa kai tsaye, "In ina kuka ka zauna kusa da ni ka riƙe hannuna." Mu irin wannan maganar ba cin fuska ba ce, sauƙi ce.

Malama_Hadiza:
Ina so in ja kunne kaɗan, domin na ga masu karatu sun fara ganin mazajensu da ƙannensu a kowane layi. Abubuwa da yawa suna kama da juna. Mai tsoron shiga jama'a ya san ƙa'idar hira sarai, tsoron a yi masa dariya ne ke hana shi, in yana cikin waɗanda ya saba da su sai ka ga ya sake. Mai ADHD, wato matsalar kasa tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya, yana katse mutane kuma yana mantuwa, amma yawanci sabon abu yake nema, ba gudun canji yake ba, ko da yake mutum ɗaya na iya haɗa biyun. Akwai wanda kunnensa ne ba ya ji sosai. Akwai wanda aka ƙuntata wa yana yaro. Rashin kallon ido ma ba hujja ba ce ita kaɗai, a wurare da yawa ladabi ne. Abu mafi muhimmanci: in mutum da can mai mu'amala ne, sai kwanan nan ya janye, ya daina wanka, yana magana shi kaɗai ko yana zargin mutane, wannan ba otizim ba ne, a kai shi asibiti da wuri.

Bashir_K:
Na yi wani gwaji a intanet mai tambaya 50, makina ya yi sama sosai. Ke nan ina da shi?

Dakta_HB:
Wannan AQ ne, gwajin alamomin otizim na Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa a Cambridge, 2001. Akwai gajerensa mai tambaya 10, wanda a Ingila ake shawartar likita ya tura mutum cikakken bincike in ya samu 6 ko fiye. Aikinsa nuna hanya ne kawai. Mai fargaba na iya samun maki da yawa, gwanin ɓoye hali kuma ya samu kaɗan. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da otizim. Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam ne zai zauna da kai ya yi doguwar hira, wani lokaci da tsarin lura da ake kira ADOS, sannan ya nemi wanda ya san yarintarka.

Abu_Fadil:
Na ji bayanin Dakta, na kuma yarda manya na da shi. Amma ga tambayata ta gaskiya: tunda ba shi da magani, mene ne amfanin tono shi? Mutum yana zaman lafiyarsa, a ɗora masa suna, mutane su fara yi masa wani kallo, wataƙila ma ya shafi aurensa ko aikinsa.

Zinariya_92:
Malam, wa ya ce maka zaman lafiya muke? Kafin wannan sunan ina da sunaye da yawa da na ba kaina: raguwa, marar godiya, wadda ba ta iya zama da mutane ba. Akwai lokacin da na ji rayuwar ma ta ishe ni. Sanin dalili ya sa na daina hukunta kaina, na fara tsara hutu bayan taro, na daina tilasta wa kaina abin da ke karya ni.

Nas_Rabi:
Wannan maganar ta Zinariya kada a wuce ta da sauri. Ciwon damuwa da fargaba da rashin barci sun fi yawa a manya masu otizim, haka tunanin kashe kai, haka farfaɗiya. Waɗannan kuwa duk suna da magani ko taimako. Duk wanda ya ji irin wannan tunanin ya faɗa wa likita ko wani na kusa yau, kada ya jira.

Shiru_Kake_Ji:
Ni na fi kusa da ra'ayin Malam Abu Fadil, kuma ni ma an tabbatar mini. Na faɗa a wurin aiki ina zaton za a rage mini hayaniya a riƙa ba ni umarni a rubuce. Abin da ya biyo baya shi ne aka daina ba ni manyan ayyuka, aka koma yi mini magana a hankali kamar yaro. Sanin ya amfane ni, faɗar ce ba ta amfane ni ba. Mutum ya yi tunani sosai kan wa zai gaya wa.

Ummu_Safwan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu abin da ya rage mini shi ne yadda zan tunkare shi. In ce masa ina zargin yana da otizim? Ina tsoron ya ji kamar na ce ba shi da hankali.

Matar_Injiniya:
Ni ban taɓa faɗa wa nawa ba. Na dai canza yadda nake masa magana, ina sanar da shi baƙi tun da wuri, kuma gidan ya yi sauƙi.

Mai_Lissafi:
Ni kuwa da na so a faɗa mini tun da wuri, kuma a fili, domin in kika yi ta kewaye-kewaye ba zai gane inda kika dosa ba. Ki zaɓi lokacin da yake a natse, ku biyu kawai, ba bayan wani saɓani ba. Ki fara da yaron yayarku, ki ce an ce abin na bin dangi, ki tambaye shi ko ƙara da taro suna gajiyar da shi. Ki tura masa abin karantawa, ki ba shi lokaci, kada ki nemi amsa a ranar. In ya ce ba ya so, hakkinsa ne.

Abu_Fadil:
Nan dai na fi yarda. Amma kada a kai maganar gaban dangi kafin shi ya ji.

Bashir_K:
Dakta, ka ce ana neman wanda ya san yarintar mutum. Ni iyayena duka sun rasu. Ke nan ba za a iya duba ni ba?

Dakta_HB:
Allah ya jiƙansu. Za a iya. Yaya ko gwaggo ko kawu da ya gan ka kana ƙarami ya wadatar, tsofaffin takardun makaranta masu sharhin malamai ma suna taimakawa. In duk babu, ana aiki da abin da kai ka tuna. Kafin ka je, ka zauna ka rubuta yadda kake wasa da abokai a firamare, abin da ke sa ka kuka a lokacin, da abin da ke ba ka wahala yanzu a aiki da gida, domin a gaban likita da yawa kan manta ko su koma nuna cewa komai lafiya.